Idan Tsohuwar Kwamfuta Ta Ƙi Tashi da Faifan CD: Gano Matsala Mataki-Mataki

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin kimiyyar harshe ba shi da dukiyar da ta fi muryoyin da ya naɗo a fagen bincike. Tsohuwar da ta yi masa tatsuniyoyi a wani ƙauyen Adar, ko maƙerin da ya jero masa sunayen kayan ƙira a Damagaram, da wuya ya sake samun zama irin wannan da su. Sau da yawa kuwa waɗannan muryoyi, tare da kundin kammala karatu, suna ajiye ne a cikin tsohuwar kwamfuta guda ɗaya wadda aka saya ta hannu. Ranar da Windows ta ƙi buɗewa, shawarar da akan fara ji ita ce a share rumbun kwamfutar a sake zuba mata manhaja. Idan aka yi haka, aikin wata da watanni ya salwanta.

Akwai hanyar ceto kafin a kai ga sharewa, wato a tayar da kwamfutar da faifan da ake kira Live CD, wanda a nan za a riƙa ce masa rayayyen faifai. Sai dai shi ma faifan yakan ƙi tashi a kan tsofaffin kwamfutoci, har ɗalibi ya yanke ƙauna alhali gyaran bai wuce rubuta kalma ɗaya ba. Wannan darasi yana nuna cewa tashin kwamfuta matakai ne a jere, kuma wurin da ta tsaya shi ne yake faɗin abin da ke damunta.

2.0 Mene Ne Rayayyen Faifai?

Rayayyen faifai shi ne CD ko DVD mai ɗauke da cikakkiyar babbar manhaja, galibi ta dangin Linux, wadda take aiki daga kan faifan ba tare da an zuba ta a rumbun kwamfuta ba. Duk abin da take buƙatar rubutawa tana ajiye shi ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, wato RAM. Saboda haka ba ta taɓa abin da ke cikin rumbu sai an umurce ta, kuma da zarar an kashe kwamfutar komai nata ya goge.

Wanda ya fito da wannan dabara fili shi ne Knoppix, na Bajamushe Klaus Knopper, wanda ya bayyana a shekarar 2000. Daga baya wasu suka biyo baya, kamar Puppy Linux na Barry Kauler daga Ostareliya a 2003. Faifan CD yana ɗaukar megabayit 700 ne kawai, DVD kuwa gigabayit 4.7. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin tun daga fitowar 12.10 ta shekarar 2012 Ubuntu ta daina shiga faifan CD, alhali tsofaffin kwamfutoci da dama CD kaɗai suke iya karantawa.

3.0 Matakan Tashi

Daga danna maɓallin kunnawa zuwa bayyanar fuskar aiki, kwamfuta tana ratsa matakai shida:

Na ɗaya, ƙaramar manhajar da ke manne a jikin kwamfutar, mai suna BIOS, tana gwada sassan jiki.

Na biyu, BIOS tana duba jerin wuraren da aka ce ta nemi manhaja, ɗaya bayan ɗaya.

Na uku, ɗan jagoran da ke kan faifan, ISOLINUX ko GRUB, yana nuna jerin zaɓi.

Na huɗu, ana ɗora cibiyar manhaja, wadda ake kira kanel, a cikin RAM, ta fara gane sassan kwamfutar.

Na biyar, cibiyar tana neman faifan da kanta, ta buɗe babban fayil ɗin da aka matse sauran manhajar a ciki.

Na shida, ana kunna hoto, fuskar aiki ta bayyana.

Abin lura shi ne, har zuwa ɗora cibiya BIOS ce take karanta faifan, amma a mataki na biyar Linux ce take karantawa da dabarunta. Wannan ne ya sa jerin zaɓi kan fito lafiya, can gaba kuma kwamfuta ta ce ba ta ga faifan ba.

4.0 Ƙa'idar Bincike

Ɗalibin tsarin sauti ya san zubin kamantau. Ana tabbatar da cewa /k/ da /ƙ/ ƙwayoyin sauti ne daban-daban ta hanyar kwatanta “kafa” da “ƙafa”, domin wuri ɗaya tak suka bambanta. Da a wuri biyu suka bambanta, da ba a san wanne ne ya sauya ma'ana ba. Haka gyaran kwamfuta yake. A sauya abu ɗaya, a sake kunnawa, a rubuta sakamako a takarda. Wanda ya canza faifai, ya taɓa BIOS, ya ƙara kalmomi uku a lokaci guda, ko da kwamfutar ta tashi bai san abin da ya gyara ta ba. Idan kuma ba ta tashi ba, bai san abin da ya ƙara ɓatawa ba.

Ƙa'ida ta biyu ita ce a karanta saƙon da ke kan fuska kafin a kashe. Saƙonnin da Ingilishi suke zuwa, amma kaɗan ne, kuma su ne suke maimaituwa. Ɗaukar hotonsu da wayar hannu yakan taimaka, musamman idan za a nuna wa wani masani.

5.0 Matsaloli da Maganinsu

5.1 Ba a ga komai ba tun farko

Idan an kunna, fanka tana juyawa, amma ko tambarin kamfani bai fito ba, to matsalar ba ta faifai ba ce, domin ba a ma iso gare shi ba. Wasu kwamfutoci sukan yi ƙara a jere, kuma ma'anar ƙarar ta danganta da kamfanin da ya ƙera BIOS ɗin. Abin da ya fi jawo haka shi ne sandar RAM da ta goce daga mazauninta ko ƙura ta shiga tsakani, lamarin da ba baƙo ba ne a lokacin hunturu. A zare wayar wuta, a cire batir, a taɓa wani ƙarfe da hannu don sauke lantarkin jiki, sannan a cire sandar a goge haƙoranta da busasshen ƙyalle a mayar. Idan sanduna biyu ne, a gwada kowace ita kaɗai.

5.2 Kwamfuta ta tsallake faifan

Idan ta wuce kai tsaye zuwa Windows, ko ta rubuta “Operating system not found”, abubuwa huɗu ne ake dubawa.

Farko, jerin wuraren tashi. Ana shiga BIOS da maɓallin F2, F10 ko Del, wanda a madannan Faransanci aka rubuta Suppr a kansa. Nan za a sa na'urar faifai a gaba da rumbu, a adana, a fita. Kwamfutoci da yawa suna da maɓallin zaɓi na lokaci ɗaya: F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP.

Na biyu, ƙaramin batirin BIOS. Wani ɗan batir ne mai kama da tsabar kuɗi, galibi mai lamba CR2032, mai ƙarfin bolt 3. Idan ya mutu, BIOS takan manta duk gyaran da aka yi mata da zarar an zare wuta. Alamarsa ita ce kwanan wata ya koma shekarun baya duk lokacin da aka kunna.

Na uku, yadda aka naɗi faifan. Manhajar tana zuwa ne a fayil guda mai ƙarewa da “.iso”. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwafe wannan fayil a kan faifai kamar yadda ake kwafe waƙa. Dole ne a zaɓi naɗin “hoton faifai” a manhajar naɗi, domin ta haka ne ake rubuta sashen tashi da BIOS take nema, bisa tsarin El Torito na shekarar 1995. Gane wannan kuskure ba wuya: idan an buɗe faifan a wata kwamfuta aka ga fayil ɗaya tilo, an yi kuskure. Idan an ga manyan fayiloli da dama, naɗin ya yi daidai.

Na huɗu, na'urar karantawa. Idonta yakan raunana da tsufa da ƙura. Irin wannan ido ya fi iya karanta CD-R a kan CD-RW, domin na biyun bai cika mayar da haske ba. Naɗi a hankali, da saurin 4x ko 8x, yakan fi karantuwa. Idan na'urar ta mutu gaba ɗaya, sai a koma ga ƴar ma'ajiyar USB da ake kira kile. Idan kuwa na'urar tana aiki kaɗan-kaɗan amma BIOS ba ta san tashi daga USB ba, akwai ƴar manhaja mai suna Plop Boot Manager da ake naɗa a CD, ita kuma ta miƙa aikin ga kile.

Kwamfutocin da suka zo da Windows 8, daga 2012 zuwa gaba, suna amfani da UEFI a madadin BIOS. A cikinsu akwai kariya mai suna Secure Boot wadda take hana tsofaffin faifai tashi, sai an kashe ta an kunna yanayin da aka rubuta Legacy ko CSM. A rubuta yadda aka tarar da saitin, domin a mayar da shi bayan an gama.

5.3 Jerin zaɓi ya fito, cibiya ta ƙi

Saƙonni biyu ne suka fi fitowa a nan, duka biyun kuma suna magana ne a kan masarrafin kwamfuta, wato abin da ke yi mata lissafi.

Na farko shi ne: “This kernel requires an x86-64 CPU, but only detected an i686 CPU.” Ma'anarsa, faifan na masarrafi mai bit 64 ne, kwamfutar kuwa mai bit 32 ce. Babu wata kalma da za ta gyara wannan, sai dai a sake faifai. Pentium III, Pentium M da Core Duo duk masu bit 32 ne, amma Core 2 Duo mai bit 64 ne, don haka a karanta tambarin da kyau. Ubuntu ta daina fitar da faifan tebur mai bit 32 tun daga fitowar 17.10 ta 2017. Masu irin waɗannan kwamfutoci sai su nemi antiX, Puppy Linux ko Tiny Core Linux, su tabbatar sun sauke nau'in bit 32.

Na biyu yana ƙarewa da kalmar “pae”, yana cewa masarrafin ba shi da wata siffa da cibiya take buƙata. Wasu Pentium M da Celeron M na wajajen 2003 da 2004 suna da wannan siffa amma ba sa bayyana ta. A irinsu ana ƙara kalmar forcepae a layin umurni, kuma cibiyoyin da suka fito daga 2014 zuwa gaba sun san ta.

Yadda ake ƙara kalma shi ne: a kan jerin zaɓi, a danna Tab idan ISOLINUX ne, ko harafin e idan GRUB ne. A tsofaffin faifan Ubuntu F6 ake dannawa. Layin umurni zai bayyana. A rubuta kalmar a ƙarshen layin da ke ɗora cibiya, a bar fili tsakaninta da ta gabanta. A ISOLINUX sai a danna Entrée, a GRUB kuwa F10. Yana da kyau a goge kalmomin quiet da splash idan suna nan, domin su ne suke rufe saƙonnin da hoton tambari.

5.4 Ta fara tashi, ta daskare

Idan rubutu yana gudana sai ya tsaya cik, ko fitilar maɓallin manyan haruffa ta kama ƙyaftawa, cibiya ce ta ci karo da wani sashe na kwamfutar. Galibi rashin jituwa ne da tsohuwar BIOS a kan tsarin kula da wuta mai suna ACPI, ko a kan yadda sassa suke neman hankalin masarrafi. Ana gwada waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani: noapic, sai pci=noacpi, sai nolapic, daga ƙarshe acpi=off.

An bar acpi=off a ƙarshe ne saboda yana da farashi. Kwamfutar ba za ta nuna yawan cajin batir ba, ba za ta kashe kanta ba sai an riƙe maɓalli, kuma a wasu kwamfutocin cinya kula da fanka yakan tsaya. A zafin watan Afrilu da Mayu wannan haɗari ne na gaske. Wanda ya yi amfani da shi ya ɗaga kwamfutar daga kan katifa ko tabarma, ya saurari fanka, ya gama abin da ya kawo shi da sauri.

Idan wurin daskarewa yana canzawa daga gwaji zuwa gwaji, a tuhumi RAM. Faifai da yawa suna da Memtest86+ a jerin zaɓinsu. A bar shi ya zagaya aƙalla sau ɗaya cikakke, kuma ko layi ɗaya ja ya isa hujja cewa sandar ta lalace. Ƙarancin RAM ma yakan kawo daskarewa, tunda rayayyen faifai komai nasa a can yake ajiyewa. Kwamfuta mai megabayit 512 ko ƙasa da haka ba ta ɗaukar manyan manhajojin zamani, sai ƙananan da aka ambata a sama.

5.5 Ta ce ba ta ga faifan ba

Wani lokaci sai baƙar fuska ta fito da kalmar BusyBox, da saƙon “Unable to find a medium containing a live file system”. Wani lokaci kuma layuka ne masu yawa da ke maimaita “SQUASHFS error”. Wannan mataki na biyar ne. Ko dai faifan yana da tabo, ko fayil ɗin bai sauko cikakke daga intanet ba, ko Linux ta kasa magana da na'urar karantawa.

A fara da fayil ɗin. Masu fitar da manhaja sukan wallafa wata doguwar lamba ta tantancewa, irin su SHA256, kusa da wurin saukewa. A lissafa ta fayil ɗin da ke hannu a kwatanta. Idan sun saɓa, fayil ɗin ya lalace a hanya, abin da yakan faru inda intanet ke yankewa, kuma ko sau goma aka naɗe shi ba zai tashi ba. Idan sun dace, a goge faifan da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, sannan a gwada shi a wata kwamfuta. Idan ya tashi a can, laifin na'urar karantawa ne. Sauya saitin SATA a BIOS tsakanin IDE da AHCI yakan warware wasu, amma tilas a mayar da shi yadda yake, in ba haka ba Windows ma za ta ƙi tashi.

5.6 Fuska ta yi baƙi a ƙarshe

Idan komai ya tafi daidai, faifai yana juyawa, sai fuska ta yi baƙi ko ta cika da zane-zane, matsalar ta katin hoto ce. Danna Ctrl da Alt da F2 tare yakan fito da fuskar rubutu, abin da ke nuna manhajar tana raye. Maganin da aka fi sani shi ne kalmar nomodeset, wadda take hana cibiya sarrafa katin hoto da kanta. Rubutu zai yi girma, hoto ba zai yi kyau ba, amma ya isa a yi aikin ceto.

6.0 Tarkon Madannai

Akwai matsalar da ta fi shafar ɗaliban Nijar. Yawancin kwamfutocin da ke hannunsu suna da madannai na tsarin Faransa, wato AZERTY, alhali a matakin jerin zaɓi faifai yakan ɗauka madannan Amurka ne, wato QWERTY. Wanda ya rubuta acpi=off bai duba fuska ba, abin da zai shiga shi ne qcpi=off. Haka noapic zai koma noqpic, forcepae ya koma forcepqe, nomodeset kuma ya fito da waƙafi mai ruwa a gurbin harafin m. Cibiya ba ta tsayawa ta yi ƙorafi a kan kalmar da ba ta sani ba, wucewa take yi. Sai ɗalibi ya ɗauka maganin ne bai yi aiki ba, alhali ba a ba da shi ba.

Don samun a, a danna maɓallin Q. Don samun m, a danna maɓallin waƙafi da ke dama da N. Z da W ma sun yi musanya, lambobi kuma suna fitowa ba tare da riƙe maɓallin manyan haruffa ba. Alamar daidai tana nan a wurinta. Bayan fuskar aiki ta bayyana, umurnin setxkbmap fr yana mayar da madannan tsarin Faransa a yawancin waɗannan faifai. A jerin madannan Linux akwai kuma na Hausa, ga mai buƙatar haruffa masu lanƙwasa.

7.0 Bayan An Samu Ta Tashi

Kada a taɓa alamar da aka rubuta Install ko Installer, domin ita ce take zuba manhaja a rumbu, kuma tana iya share abin da aka zo ceto. A buɗe rumbun daga manhajar fayiloli. Idan Windows ta mutu tana cikin barci, Linux takan buɗe rumbun don karantawa kawai, kuma wannan ya wadatar.

A tanadi wurin kwafewa mai isasshen fili tun da farko. Murya ta awa ɗaya a tsarin WAV, mai tasha ɗaya, bit 16, da saurin 44,100 a daƙiƙa, tana cin kimanin megabayit 318, mai tasha biyu kuma ninkin haka. Kile mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4, abin da ya shafi masu naɗar bidiyo. A fara da abin da ba a iya sake samu: muryoyin fage, sai fayilolin TextGrid na Praat da na eaf na ELAN, sai kundi. Kada a canza sunayen fayilolin murya, domin da sunan ne ELAN yake gane muryar da ta dace da kowane rubutu. Idan rumbu yana ƙara ƙas-ƙas ko kwafi yana tsayawa, alama ce yana gab da mutuwa, kuma kowane kunnawa yana rage masa kwana. A irin wannan hali gara a tsaya a nemi masani mai amfani da manhaja irin ddrescue.

Kada a ajiye komai a kan fuskar aikin faifan, domin RAM ce, ɗaukewar wuta ɗaya ta isa ta shafe shi. Kafin a kashe, a cire kile ta hanyar da ta dace, a kai shi wata kwamfuta a saurari wasu daga cikin muryoyin. Sai an ji su da kunne ne za a yarda a share rumbun.

8.0 Kammalawa

An ga cewa kowace matsala tana da matakinta: rashin hoto tun farko na sassan jiki ne, tsallake faifai na BIOS ne ko na naɗi, saƙon masarrafi na zaɓin faifai ne, daskarewa ta cibiya ce ko ta RAM, BusyBox na karatun faifai ne, baƙar fuska kuma ta katin hoto. Wanda ya gane matakin ya rage zato daga ashirin zuwa biyu ko uku, sauran kuwa gwaji ne ɗaya bayan ɗaya.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma tsohuwar kwamfuta tana iya kai ɗalibi ƙarshen karatunsa. Abin da ya kamata shi ne ya naɗi faifan tun kwamfutar tana lafiya, ya gwada shi, ya rubuta maɓallin BIOS da kalmar da ta yi masa aiki a bayan jakar faifan. Ya kuma ajiye muryoyin fagensa a wuri biyu tun daren da ya dawo daga ƙauye.